Nagase Isamu da Hayaƙin Tukunyar Fada

Tun gari bai gama wayewa ba Nagase Isamu yake jingine kekensa a lungun bayan shagon gidan Ukita. Ya cire takalmi, ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaura farin ƙyalle a ka, sannan ya tsoma hannu cikin bahon jan waken da ya jiƙa tun jiya, yana tsince wanda bai yi masa ba. Ya kunna wutar gas a ƙarƙashin tukwane biyu. Daga nan sai tsayuwa da muciya, yana tuƙa wake da sukari, ba sauri ba jinkiri, har ya yi kaurin da yake so. Da rana ta ɗaga, 'yan matan gaban shago su zo su jera manju, 'yan curin nan na garin shinkafa masu cikin wake da sukari, a cikin akwatuna masu tambarin gidan, masu saye su yaba wa gidan Ukita, babu mai tambayar hannun wa. Haka ya yi tun ranar da ya zo Kyoto daga ƙauyensu na Tanba yana ɗan shekara goma sha biyar, har watan da ya wuce da ya bar gidan kansa fari fat. Ya haura shekara hamsin a bayan shagon nan. Akwai masu saye da suka tsufa suna cin girkinsa ba su san fuskarsa ba.

Ni na san ta, don tagar ɗakina ta sama tana kallon rufin shagon ne. Tarihi na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya bar mini shi ne ɗabi'a ɗaya da maƙwabta ba sa so: duk abin da aka gaya mini sai na tambayi wa ya faɗa, kuma me ya ƙaru da shi. Saboda haka masu karatu su sani, mai yabon nan ba mai saurin yabo ba ce. Na daɗe ina zargin mutumin nan kafin in yarda in yaba masa.

Bari in fara da allon. Kowa ya san shi, baƙin katako a saman ƙofa, ruwan zinariyar haruffansa ya kusa gogewa: masu kai kayan zaƙi fada. Ina yarinya akan ɗaga mu a nuna mana shi. Da na girma na fara lissafin da ba a so. Sarki ya bar birnin nan ya koma Tokyo tun ba a haifi kakata ba. Takardar izinin da akan bai wa 'yan kasuwa kuwa, tun ina ƙarama aka daina ba da ita. Fada dai tana ci tana sha, dole akwai masu kai mata kaya, amma su wane ne? Sai a ce da kai ai mai kai kaya fada na gaske ba ya faɗa, da an tambaye shi murmushi kawai zai yi. To ku gaya mini: idan mai gaskiya murmushi yake yi ya yi shiru, maƙaryaci me zai yi? Shi ya sa birninmu ya cika da murmushi.

A gidan Ukita ba allon kaɗai ba ne. Can a kusurwar ɗakin girki akwai tsohon murhun ƙasa mai ƙofar hayaƙinsa daban a kan rufi, a bisansa tukunyar tagulla, an zagaye ta da igiyar karan shinkafa mai fararen takardu, irin wadda ake sa wa abu mai tsarki. Ita ce tukunyar fada. Ba a hura mata wuta sai da ƙyastu, ba a ɗora mata komai sai saƙo ya zo daga sama. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya zuwa kusa da ita sai ya fita daga makoki. Saboda ita ne gidan ba ya karɓar aikin jana'iza. Manju ja da fari na biki, ko nawa kake so. Fari da rawaya na makoki kuwa, sai a sunkuyar maka da kai a nuna maka hanyar wani shagon, ko da kuwa kakanka da kakansu tare suka yi wasa.

Abin da Isamu ya yi ta jira duk shekarun nan shi ne labule. Marigayi tsohon maigidan ya yi masa alkawari a gaban mutane cewa zai raba masa labule, wato ya sallame shi ya buɗe nasa shagon, ya rataya shuɗin labulen gidan da tambarinsa a tasa ƙofar. Ga mutum irinsa, wanda ya shigo da ƙunshin tufafi kawai, babu wani gado sai wannan. Tsohon ya rasu bai cika ba. Shago ya koma hannun Nobuharu, wanda ya auri 'yar gidan ya ɗauki sunansu. Shi kuma kullum sai ya ce baɗi. Baɗi ta zo ya ce a bari kasuwa ta daidaita. Sai a bana, da gwiwoyin Isamu suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, aka tsayar da magana: da kaka za a yi. Aka kai wa mai rini ƙyalle. Isamu ya kama ɗan ɗaki a lungun masaƙa. Matarsa Harue ta auna faɗin ƙofar da igiya, ta dawo ta sake aunawa, wai kada mai rini ya ce laifin ƙofa ne.

Yanzu sai maganar hayaƙi.

Shekaru da dama da suka wuce, wata safiya na buɗe taga na ga siririn hayaƙi yana fita ta ƙaramar ƙofar rufin nan da ban taɓa ganin ta yi numfashi ba. Ba ni kaɗai na gani ba. Kafin azahar duk babban titi ya ɗauka, amma irin ɗaukar mutanen garin nan. Na ji mai sayar da ganyen shayi, Morishita, yana ce wa mai mafitai:

"Yau ka ɗaga kai da safe kuwa?"

"Ni? Ban ga komai ba."

"Ni ma ban gani ba. Kai, gidan Ukita dai gidan Ukita ne."

Da Nobuharu ya iso da motarsa, don shi can gefen tsauni yake zaune, ba ya zuwa sai rana ta yi tsayi, Morishita ya tare shi da gaisuwa har ƙasa. "Maigida, rufinku ya yi kyau yau da safe. Ba za mu ce komai ba."

Nobuharu ya yi murmushi. "Af, ba wani abu ba ne."

Na yi shekaru ina kallon fuskar ɗalibin da bai yi karatu ba yana gyaɗa kai. Nobuharu bai san abin da ake nufi ba. Da ya gane kuwa, abin da ya raya a ransa a fili yake: surukarsa Tsuya, tsohuwar uwar gidan da ke zaune a benen shago, ita ke karɓar saƙon fada ta bai wa Isamu, ba ta gaya masa don shi shigowa ya yi. Ya tambaye ta, ya nuna bai sani ba? Ya tambayi ma'aikacinsa? Girman kai bai bari ba. Sai ya riƙe murmushinsa, kuma murmushin ya yi masa amfani, don daga lokacin masu saye suka ƙaru.

Hayaƙin ya ci gaba da fitowa jefi-jefi. Ni kuwa ina taga. Abin da na lura da shi bai yi mini daɗi ba. Hayaƙi ya tashi, washegari muka kai wani tsohon masaƙi kurma na lungunmu makwancinsa. Ya sake tashi, ashe matar mai gidan wanka ce ta cika. Ya sake, sai ga fitilun makoki a ƙofar mai gyaran keke. Na ce a raina, wace irin fada ce wannan da ba ta jin ƙwaɗayin zaƙi sai wani talaka ya mutu a lungunmu? Kuma a duk wuraren makokin nan akan raba manju fari da rawaya a cikin akwati marar tambari. Na ci. Harshena bai tsufa ba. Hannun Isamu ne, sai dai da ɗan ƙanshin itace da na shago ba shi da shi.

Nan take na yanke hukunci: mutumin nan kasuwarsa yake yi da kayan ubangidansa. Wata safiya na sauko na tsare shi a lungu yana ɗaure akwatuna a bayan keke, na kira shi da "han" ɗin girmamawa irin na garin nan.

"Isamu-han, fada ta tashi da yunwa yau?"

"Malama, kin sammako."

"Ba sammakona na tambaye ka ba. Fadar nan taku a keke ake kai mata kaya?"

"Sanyi ya fara shigowa, Malama. Ki riƙa lulluɓe gwiwoyinki."

Ya hau kekensa ya tafi. A garin nan wannan amsa ce cikakkiya, ma'anarta ki koma ɗakinki.

Ban koma ba. Na bi gidajen da aka yi rasuwa ɗaya bayan ɗaya, da sunan ta'aziyya, ina jan su da hira. Abin da na tarar ya ɓata mini zargina. Ko ƙwayar wake ɗaya ta gidan Ukita ba ya taɓawa. Shi yake zuwa da kansa da ya ji labarin rasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce idan da wake da sukari da garin shinkafa da doya a gidan a ba shi. Ba ya karɓar komai. Matar mai gyaran keke ta ce ta bi shi da ambulan har bakin titi, ya ce hannunsa da danshi. Abu ɗaya yake tambaya, kuma kowa ya ba ni shi iri ɗaya: "Marigayin zaƙi sosai yake so, ko kaɗan?" Ɗiyar masaƙin nan kurma ta ce da ya yi mata tambayar ta tsaya ta rasa amsa, sai a lokacin kuka ya zo mata, don ta zauna da uban duk rayuwarta ba ta taɓa lura ba. Isamu ya ce kada ta damu, shi ya sani, kaɗan ne, tsohon yakan yamutsa fuska in ya ci na shago. Akwai kuma wani baƙo da ya mutu shi kaɗai a ɗakin haya, ba dangi, ba wanda za a tambaya. Mu huɗu muka je, da malamin haikali. A gaban hotonsa akwai manju fari da rawaya. Ban san wa ya sayi waken ba, amma Harue ta daɗe ba ta sauya takalmi ba a shekarar.

Babu wanda ya san a wace tukunya ake dafawa. Mutanen lungu ba sa ɗaga kai ranar da suke makoki, mutanen babban titi kuma suna ɗagawa amma fada kawai suke gani. Ni da na haɗa biyun na kama bakina, ina neman abin da mutumin yake ƙaruwa da shi. Ba a yin irin wannan a banza, haka na ce. Na nema a wajen kuɗi ban samu ba. Na nema a wajen suna, na ga ko sunansa babu a akwatin. Har yau ina nema.

Kai ne, Isamu, mai tashi kafin lokacinka a ranar da wani ya kwanta ba zai tashi ba. Kai ne kake ɗage igiyar nan da hannu biyu, ka shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle, ka buga ƙyastu kamar yadda aka koya maka, ba ka taɓa sa ashana don ba mai ganinka ba. In ka gama ka goge tagullar da gishiri da ruwan tsami har ta ɗauki ido, ka mayar da igiya. Ko wanki kake yi ko tsarki, kai ka sani, gishirin dai ɗaya ne da wanda muke yayyafa wa jikinmu in mun dawo daga jana'iza.

Abin ya fashe ne saura kaɗan a raba labulen, kuma ba maƙiyi ne ya fasa shi ba, mai godiya ce. Okumura Kinu, matar mai ɗinkin tabarma, mijinta ya rasu da bazara. Ranar da za a yi masa manju ta tuna ba ta ba da sukari isasshe ba, ta biyo Isamu da sauran ta ƙofar baya. Ta ga igiya a kan farin ƙyalle, ta ga tukunyar fada tana tafasa. Ta ajiye sukarin a bakin ƙofa ta juya tana hawaye. Ko kusa ba ta kawo a ranta cewa ma'aikaci zai taɓa tukunyar nan ba da umarnin mai gida ba. Kuma mu nan ba a gode wa hannu, kan gida ake gode wa. Da ta fita daga makoki ta sa tufafinta masu kyau, ta ɗauki 'yar tsarabarta, ta shiga zaga gidajen da suka yi mata karamci. Ta shigo gidan Ukita ta ƙofar gaba, shago cike. Ina ciki, Morishita ma yana ciki.

Ta sunkuya a gaban Nobuharu. "Maigida, ban san da wane baki zan gode ba. Mijina ko bangon fada bai taɓa taɓawa ba, tabarma ya ɗinka har ya mutu. Amma kuka sa aka sallame shi da tukunyar fada. Da idona na gani. In na iske shi can zan gaya masa."

Yarinyar da ke naɗe akwati ta tsaya da zare a hannu. Morishita ya fara karanta takardar bango da ya sha karantawa. Fuskar Nobuharu ta yi fari, ta yi ja, sannan murmushin ya dawo, don ya daɗe yana horar da shi. Ya sa aka kira Isamu. Ranar na fara ganin mutumin nan a gaban shago, da ƙyalle a ka, yana goge hannu.

Nobuharu ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Kinu-han, baƙin ciki yakan sa ido ya ga abin da babu. Ga duhun safiya, ga tururi. Tukwanenmu duk kama suke yi." Ya juya. "Ko ba haka ba, Isamu? Af, na ma manta ban gaya maka ba. Jiya mai rini ya aiko cewa labulenka ya bushe."

Duk wanda ke wurin ya ji cinikin. Kalma ɗaya ake so. Ya ce i, haka ne, shi ke nan: tsohuwa ta ruɗe, tukunya tana nan da tsarkinta, hayaƙin shekaru na fada ne, shi kuma da kaka ya rataya shuɗin labulensa. Ba ma ƙarya mai girma ba ce a ma'aunin garin nan. Mun saba da waɗanda suka fi ta.

Isamu ya dubi Kinu. Har lokacin ba ta miƙe ba, amma ta ɗan ɗago ido tana kallonsa, kamar wadda ake shirin karɓe wa abu daga hannu. Ya juyo ga Nobuharu.

"Idonta lafiya ƙalau, maigida," in ji shi. "Tukunyar fada ce."

"Sau ɗaya ne dai," in ji Nobuharu.

"Duk hayaƙin da aka gani."

Morishita ya yi tari.

Murya ta ƙwace wa Nobuharu. "Ga tukwanen gas har biyu a gabanka! Me ya kai ka waccan?"

"Waɗannan na masu rai ne, maigida. Amare na ci daga cikinsu, da masu jego. Ba zan zuba abincin makoki a ciki ba."

"Sai ka zuba a ta fada!"

"Ita ce ba ta da aiki a ranar."

A ranar, haka ya ce. Na riƙe kalmar. Ko a cikin wannan halin bai ce ba ta taɓa samun aiki ba.

Sai muka ji sanda a kan matakala. Tsuya ce, da ta yi shekaru ba ta sauko shago ba, ta tsaya a rabin hanya tana riƙe da katako. "Nobu, rage murya, kana korar mana mutane." Ta gaida Kinu, ta yi mata ta'aziyya a natse kamar ba abin da ke faruwa. Sannan ta ce, ba ta ko dubi Isamu ba: "Tukunyar da ta yi wa matattu girki ba za ta sake kwana a gidan nan ba. Isamu, ka fitar mana da ita. Ka yar inda ka ga dama. Da muciyar, da ƙyastun, duk sun ƙazantu."

"Inna, labule kuwa ba zan ba shi ba," in ji Nobuharu.

"Shago naka ne," in ji ta, ta juya ta hau.

Mutane sun ce tsohuwa ta yi fushi, ta yi hukunci. Ni ban yarda ba. Ɗakinta daidai saman murhun nan yake, hayaƙin ta jikin bangonta yake bi ya fita, kuma matar da ke gane an sauya mata ganyen shayi daga bakin ƙofa ba za ta kasa bambance ƙanshin wake ba. Shekarun nan duk ta sani. Me ya sa ba ta buɗe baki a kan labulen ba, ita da aka yi alkawarin a gabanta? Wannan kuma ban yafe mata ba. Ta ba da abin da za ta iya bayarwa ba tare da an ce ta bayar ba, ta bar sauran. Allon na mijinta ne, kuma ita ma a ƙarƙashinsa take ci.

Isamu bai yar da tukunyar ba. Ya aro amalanke, ya ɗora ta, ya tura ta tsakar rana ta babban titi, tagulla tana ƙyalli, 'yan kasuwa duk sun shagala da share ƙofofinsu. Shuɗin labulen yana can a naɗe a wani akwati a gidan Ukita. Harue ta sayo farin ƙyalle marar rini, ta yanka daidai awon da ta yi, ta rataya. Babu suna a jiki, babu tambari. Na je yi mata jaje, ta ce: "Malama, na auri mutum ne mai tuƙa wake, ban auri labule ba. Amma kada ki ce masa ban yi kuka ba, na yi, kuma ya ji."

Kada wani ya ɗauka labarin nan ya ƙare da riba. Ɗakin ƙarami ne, masu yawon buɗe ido ba sa shiga lungun masaƙa, kuma mutumin da ya jira abu ɗaya tun yana saurayi ya ga an naɗe shi a gabansa. Na sha ganinsa da yamma ya tsaya yana kallon farin ƙyallen, sannan ya gyara masa zama. Ya gina ɗan murhun ƙasa ya ɗora tagullar, ya sayi wata tukunya daban ta masu rai, ba ya haɗa su har yau.

Babban titi kuwa, da hayaƙi ya ɗauke daga rufin Ukita, sai aka fara raɗa cewa fada ta juya musu baya. Su da kunnensu suka ji abin da hayaƙin yake, amma sun gwammace wancan labarin. Ba a daɗe ba aka kawo wata tukunyar tagulla aka zagaye ta da sabuwar igiya, ana nuna wa baƙi ana cewa ta kaka da kakanni ce. Makon jiya da safe na ga hayaƙi a ƙaramar ƙofar rufin. Na yi ta ƙirga tsofaffin lungu a raina. Duk suna nan. Na buɗe taga na shaƙa. Ba ƙanshin wake, sai ƙaurin tsofaffin jaridu. Da rana na ji Morishita yana ce wa mai mafitai shi dai bai ga komai ba.

Shekaranjiya na je wajen Isamu na zauna a kan bencinsa, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Isamu-han, tsakani da ni da kai. Duk zamanka a gidan nan, fada ta taɓa aikowa? Ko sau ɗaya?"

Ya ci gaba da tuƙi. "Ba a faɗa, Malama."

"Haba! Sun hana ka labule, sun sa ka tura amalanke a titi, me kuma kake rufa musu?"

"Gidan ya ciyar da ni."

"Ka ciyar da shi dai. Wato ba za ka faɗa ba."

Ya ɗaga muciya ya dubi yadda waken ke zuba, sannan ya dube ni ta gefen ido. "Malama, ke zaƙi sosai kike so, ko kaɗan?"

"Kai, tsohon banza! Ban mutu ba tukuna."

"Na sani. Gara in ji daga bakinki. Dangi sukan yi kuskure, ke kuma ba za ki yafe ba."

Na ce masa kaɗan.

Ban san ko gidan Ukita ya taɓa kai wa fada ko ƙwayar wake ba, kuma da alama haka zan tafi ban sani ba. Abin da na sani, na gani da idona, na ɗanɗana da harshena: tukunyar nan ta yi wa masaƙi da mai ɗinkin tabarma da baƙon da ba shi da kowa hidima, kuma ranar da aka ce mai hura mata wuta ya zaɓa tsakanin labulensa da idon wata tsohuwa, bai ƙaryata tsohuwar ba. Kai ne, Isamu, mai hannu marar tambari. Mun gode. Lungun masaƙa ya gode, har da waɗanda ba su da bakin godiya yanzu.

Ga matasan unguwa, ba cewa nake ku je ku kwance igiyar da kuka gani ba. Ku dai duba wurin aikinku da kyau. Kusan ko'ina akwai wani abu mai kyau da aka keɓe wa manyan da ba sa zuwa, alhali ga masu bukata a bakin ƙofa. Ku tambaya wa ya ce a keɓe, kuma me ya ƙaru da shi. In kun yi abin da Isamu ya yi, ku yi shi da hannu mai tsabta kamar nasa, kuma in an tambaye ku a gaban mutane kada ku ce idon wani ne ya ruɗe. Ku riƙa ratsawa ta lungun masaƙa, ƙofa mai farin ƙyalle, ku sayi ja da fari tun kuna da haƙora.

Ranar kuma da kuka ga hayaƙi ya tashi daga can, kuka ɗaga kai kuka ga tagata a rufe, kada wanda ya ce fada ce. Nawa ne, kuma zaƙinsa kaɗan.